Yadda nake tafiyar da gida da renon samari uku a Jidda, ga 'yar'uwa Kirista mai shirin tahowa

Shekararmu 7 ke nan a Jidda, ni da baban yara da samarina uku, babban yana da shekara 14, na tsakiya 10, auta kuma 6, shi a nan ma aka haife shi. Daga Filato muka taso. Kusan duk wata sai wata 'yar'uwa ta nemo lambata ta turo saƙo, wai maigidanta ya samu aiki a Saudiyya, asibiti ko kamfani, an ce ta tattaro yara ta biyo shi, toh yaya za ta yi da su a ƙasar da ko coci ɗaya babu? Amsar ba ta shiga saƙon murya na minti biyu, shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta abin da na koya, wani cikin daɗi wani da hawaye, ko zai rage wa wata wahala.

Abin da nake so ki sa a ranki tun kafin ki hau jirgi shi ne, a gida ba ke kaɗai kike renon ɗanki ba ko da kina ganin kamar ke ce. Kaka tana ciki, malamin makarantar Lahadi yana ciki, matan zumunta suna ciki, har maƙwabcin da zai ja kunnen yaro in ya gan shi yana abin banza a bakin titi. Ɗa na kowa ne a can. Nan kuwa da zarar kin rufo ƙofar shaggarki, haka ake kiran gidan haya na cikin bene, duk aikin mutanen nan ya dawo kanki ke da maigida. Ke ce kaka, ke ce malamar Lahadi, falonki shi ne majami'a. Kuma wannan kayan ba ya ɗaukuwa da ƙarfin hali kawai, dan akwai ranar da zaki tashi ba ki da ƙarfin ko na ɗaga cokali. Sai da tsari, irin wanda zai ci gaba da tafiya ko kina jin daɗi ko ba kya ji.

Ki fara da kalanda. Lahadi ranar aiki ce a nan, ita ce ma farkon mako, tun shekarar 2013 hutu ya koma Juma'a da Asabar, makaranta da ofis kuma Lahadi zuwa Alhamis. Lahadin farko da na ga babban ɗana da jakar makaranta a baya da sassafe maimakon kayan coci sai da na shiga ɗaki na share hawaye. Na yi watanni ina ƙoƙarin riƙe Lahadi da ƙarfin tsiya, in jira kowa ya dawo a gajiye in zaunar da su gaban waya mu kalli sujadar cocinmu na gida, yara na gyangyaɗi ni ina faɗa, a tashi rai a ɓace. Bai yi ba. Kar ki ɓata lokacinki a nan, ki mayar da babbar sujadar gidanki safiyar Juma'a, ranar da kowa yana gida, gari ya yi tsit, yawancin shaguna a rufe har sai an sauko daga masallaci. Lahadi ki bar mata ɗan abu kaɗan da dare, mu waƙa ɗaya muke yi da addu'a bayan abinci dan kar yaran su manta ranar tashin Ubangiji ce. Agogon nan yana gaba da na Najeriya da awa 2, in cocinku na fara sujada ƙarfe 8 a can, nan 10 ta yi, yara suna aji, dan haka kar ki sa rai da kallon kai tsaye.

Sai agogon gida. Zaki yi mamaki in na ce miki kiran sallah ne agogona, amma gaskiya nake gaya miki. Sau biyar ake kira a rana kuma duk inda kuka kama haya akwai masallaci kusa, zaki ji, yaranki za su ji, toh me zai hana ki ɗora tsarinki a kai? Kiran asuba shi ke tashina, in samu minti ashirin ni kaɗai da Littafi Mai Tsarki kafin gida ya ɗau hayaniya, da lokacin zafi yana yin wuri sosai sai in koma in ɗan miƙe kafin in tashi yara. Azahar tukunya ta hau wuta dan 'yan makaranta sun kusa. La'asar an tashi daga barcin rana, a hau aikin makaranta. Magariba ba yaron da ke waje, kowa ya shigo. Isha'i addu'ar dare, auta ya kwanta. Amfanin wannan shi ne ba sai na ta daka tsawa ba, yaro da kansa ya san abin da ke biye da kiran da ya ji. Na kuma ce musu in kun ji maƙwabta sun tashi za su yi tasu ibada ku ma ku tuna da Allah a zuciya, ko da "na gode Yesu" ne kawai. Daniyel a Babila sau uku a rana yake durƙusawa a ɗakinsa, ba wanda ya kaɗa mishi ƙararrawa.

Yanzu ga yadda sujadar Juma'ar take, dan a nan ne mata da yawa suke sakewa. Kar ki bari a yi ta da kayan barci. A yi wanka, a shafa mai, a sa kaya masu kyau kamar za a fita, ko da daga ɗaki zuwa falo ne tafiyar, yaro yana gane girman abu daga yadda aka shirya mishi. Mu ƙarfe 9 muke farawa. Baban yara ke jagora, in yana bakin aiki ni nake yi, amma kowane yaro da aikinsa: babban shi ke karatu da ƙarfi, na tsakiya ya zaɓi waƙa biyu daga littafin waƙoƙi, auta ya zagaya da kwanon baiko. Eh, muna yin baiko mu biyar ɗin. Kowa ya sa daga abin da yake da shi ko da riyal ɗaya ne, mu juye a gwangwani, ƙarshen shekara yaran ne suke zaɓar inda za a tura a gida, bara kuɗin makarantar wani maraya suka ce. Kar ya wuce minti arba'in. Kar ki yi musu dogon wa'azi, a karanta wuri guda sai ki tambaye su, me mutumin nan ya yi, me ya sa, kai da me za ka yi? Za ki sha mamakin abin da ke cikin kan ɗan shekara goma.

Labaran da suka fi kama samari a baƙuwar ƙasa su ne na samari 'yan'uwansu da suka yi baƙunci: Yusufu a Masar, Daniyel da abokansa uku, sai Timoti wanda Bulus ya ce bangaskiyarsa ta fara zama ne a cikin kakarsa Loyis da mahaifiyarsa Afiniki, wannan wurin ni kaina nake karanta wa in na karaya. Sai Irmiya sura 29, wasiƙar da aka aika wa waɗanda aka kwashe zuwa Babila, aka ce su gina gidaje su zauna, su yi shuka, su nemi zaman lafiyar birnin da suke ciki su kuma yi mishi addu'a. Saboda wannan surar ne duk Juma'a muke sa Jidda a addu'a, da masu mulkin ƙasar, da maƙwabtanmu ɗaya bayan ɗaya. Ayar haddacewa ɗaya a mako, da Hausa, a manne a jikin firij. In an gama sai abinci na musamman wanda ba a cinsa sauran kwanaki, masa da miyan taushe ko gwaten acha, dan ina so in sun girma ƙamshin nan ya riƙa tuna musu da ranar.

A rage murya, ba ganga ba tafi mai ƙarfi, tagogi a rufe. Ba tsoro nake koya miki ba, dokar ƙasar ce kuma mu baƙi ne. Ba a yin ibadar wani addini a fili, yi wa Musulmi wa'azi babban laifi ne, abin da aka saba ƙyalewa shi ne mutum ya yi ibadarsa cikin gidansa. Ki taho da Littafinki na karatun kanki da na yara, kar ki ɗauko kwali guda da sunan rabawa. Sarƙa mai gicciye in kina da ita ta zauna cikin riga. Batun tara mutane a gida kuma ki yi hattara ƙwarai, ku yi shawara da maigida, kar zumuɗi ya ja muku abin da zai raba ku da aikin da ya kawo ku.

Wannan ya kawo ni kan bakin yaro, wanda shi ne abin da ya fi hana ni barci. Na tsakiya yana da shekara 8 ya dawo wata rana daga ƙwallo a bayan gida, bai ce komai ba, ya zauna gaban shinkafa yana juya cokali. Da na matsa sai ya ɗago ido cike da hawaye ya ce, "Mama, wai mu 'yan wuta ne?" Wani yaro ne ya gaya mishi. Zuciyata ta tafasa, abin da ya fara zuwa bakina ba mai kyau ba ne, Allah ya taimake ni na haɗiye. Na janyo shi jikina na ce, yaron nan abin da ya ji ya faɗa, kai kuma me ka sani game da Yesu? Ya faɗi abin da ya sani. Na ce toh riƙe wannan. Daga ranar na koya wa dukansu amsa gajeriya wadda ba ƙarya a cikinta ba kuma tsokana: ni Kirista ne, ina girmama addininka, zo mu ci gaba da wasa. Shi kenan. Ba musu, ba gardama, ba a taɓa Annabi ko Alƙur'ani da baki ko da wasa, ba a waje ba, ba a waya ba. Ki sa su maimaita a gida har ya zauna musu, ke ki zama yaron da ke tsokana su su ba ki amsa.

Amma dan Allah kar garin kare su ki shuka musu ƙiyayya. Mu da muka ga rikicin Jos na 2001 da 2008 da 2010 mun san inda wannan hanyar take kaiwa, ban bar ƙasata na zo nan dan in gadar wa 'ya'yana wannan ɗacin ba. A benenmu akwai wata Hajiya, asalin iyayenta Kano amma a nan aka haife ta, ranar da na haifi auta ita ta kawo min kunun kanwa ta zauna da manyan har dare, ta san sarai ni Kirista ce. In yarana sun zo da ƙorafin wani ya zage su sai in ce, Hajiya fa? Ita ma Musulma ce. Ki nemo wa yaranki irin wannan fuskar su riƙe. Ki koya musu gaisuwa irin ta gida, a rusuna wa babba, a karɓar wa tsohuwa kaya a matakala, wannan yana buɗe ƙofar da baki ba zai buɗe ba. In kuma wani ya kira su takaruni da nufin raini saboda baƙar fata, ki gaya musu Hausawa sun daɗe a ƙasar nan, kakannin su Hajiya da ƙafa suka ratso Chadi da Sudan suka tsallako Bahar Maliya, har tsirenmu ya zama abincin mutanen Jidda da Makka suna ce mishi siriya. Batun darasin addini a makaranta kuwa ki tambaya tun ranar rajista yadda suke yi da yaran da ba Musulmi ba, kar ki bari sai yaro ya shiga aji.

Toh aikin gida. A nan ina da zafi, ki yi haƙuri da ni. Ba ni da 'ya mace, ba ni da 'yar aiki, kuma ko da ina da su samarina sai sun yi aiki. Gidaje da yawa a nan suna da shaggala, wato 'yar aiki, yaranki za su ga abokansu ko kofin da suka sha ruwa ba sa ɗagawa, za su zo miki da wannan maganar, ki tsaya da ƙafarki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Na gwada jadawalin da ake canjawa kullum, rigima kawai ya haifar, kowa na cewa ba ranarsa ba ce. Abin da ya yi min aiki shi ne kowa ya riƙe aikinsa wata guda cur, in abin ya lalace an san mai shi. Babban shi ke sauke shara, ya hau da galan ɗin ruwan sha daga bagala, wato ƙaramin shagon unguwa, ya kunna injin wanki, ya dafa abincin dare sau ɗaya a mako. Na tsakiya wanke-wanke da ninke kaya. Auta jera takalma, shimfiɗa ledar cin abinci, cika robobin ruwa a firij. In yaro ya yi shara bai fita ba kar ki karɓe tsintsiyar ki sake a gabansa, kin kashe mishi gwiwa ke nan kuma kin koya mishi cewa in ya yi ha'inci Mama za ta gyara. Ki nuna mishi lungun ya koma. Sannan ki roƙi babansu, a ɗaki ba a gaban yara ba, ya riƙa shiga kicin suna gani. Kwano biyar da uba zai wanke ranar Asabar ya fi maganarki ta wata guda.

Girki a bi shi daki-daki: shayi, sai ƙwai, sai taliya, sai shinkafa, sai miya, tuwo a ƙarshe. Kafin komai ki koya mishi kashe gas daga kan tukunyar, da abin da zai yi in ya ji wari, kar ya taɓa makunnin wuta, ya buɗe taga ya fita. Lambar gaggawa 911 tana aiki a yankinmu, 998 ta 'yan kwana-kwana ce, 997 motar asibiti, ki rubuta ki manna inda auta ma zai gani. Shekara biyu da suka wuce zazzaɓi ya kwantar da ni kwana biyar, babansu yana aikin dare. Ina kwance na ji ƙarar muciya a tukunya, can sai ga babban ya turo ƙofa da tire, tuwon samid, wato semo, da miyan kuka, ya malmala shi ya rufe da faranti, gumi na zuba a goshinsa, ƙannensa biyu a bayansa ɗaya riƙe da ruwa ɗaya da cokali. Tuwon da gudaji a ciki. Na cinye tas. A gida da maƙwabta sun cika ɗakin, nan kuwa abin da na koya mishi shi ya ciyar da ni.

Zafi kuma sai kin zo zaki gane. Na Jidda haɗe yake da gumi saboda teku, ki shanya kaya cikin ɗaki su kwana ba su bushe ba su fara wari, dan haka wanki da sassafe a shanya inda iska ke bi. Tankin ruwa a saman bene yake, da tsakar rana ruwan famfon sanyi sai ya ƙona hannu, kar ki sa ƙaramin yaro a ƙarƙashinsa ba ki taɓa ba. Dabarar da Hajiya ta koya min, da lokacin zafi ki kashe hitar banɗaki gaba ɗaya, ruwan da ke kwance a cikinta a inuwa yake, sai famfon zafi ya koma shi ne mai sanyi. In kin tara ruwa a bokiti ki rufe, akwai sauron dengi a garin nan kuma a ruwa mai tsabta yake haihuwa. Mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, a ciro ragarsa a wanke duk sati biyu, aikin na tsakiya ne, in ta toshe da ƙura ga tari ga cin wuta. Kuɗin wuta halala 18 ne (halala ɗari ke riyal ɗaya) kowane yunit har zuwa yunit 6000 a wata, in an haura ya koma 30, ga harajin kashi 15 a kai, shi ya sa da rana duk a falo ɗaya muke taruwa a kashe sauran. Daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba gwamnati tana hana leburori aiki cikin rana daga 12 zuwa 3, na ce wa yarana abin da aka hana ƙarti ba za ku yi shi da sunan ƙwallo ba.

Sai dai samari uku a shagga kamar 'yan awaki ne a ɗaki, in ba ki fitar da ƙarfin nan ba a kan kujerunki da kan junansu zai ƙare, ga mutanen ƙasa suna jin kowane tsalle. Ki sa fita cikin tsari kamar yadda kika sa abinci. Mu Alhamis da dare bakin teku muke zuwa, su yi gudu har su gaji, a dawo da kazar Albaik, Asabar da safe kuma babansu ya kai su ƙwallo ya sayo tamis da ful, wato gurasa da dafaffen wake, a hanya. Tun 2018 mata suna tuƙi, in da hali ki nemi lasisi, zai cire miki jiran maigida a komai. In kewar Jos ta dame ku ku hau Ɗa'if, kan dutse take, iskarta ta fi sanyi, yara za su ga birai a hanya. Ku dai kula da allon hanya, wanda ba Musulmi ba ba ya shiga Makka, akwai hanyar da ke kewayewa, ita za ku bi.

Waya. Babban sai da ya kai 13 ya samu tasa, da sharaɗin na san lambar buɗewa kuma ba ta kwana a ɗakinsa, daga isha'i tana kwando a falo tare da tawa da ta babansa. A nan abin da yaro ya rubuta ko ya tura a intanet zai iya zama maganar hukuma, har ɗaukar hoton mutane ba da izininsu ba laifi ne, ki zaunar da shi ki gaya mishi a fili. Maganar balaga da mata da abin da ake gani a waya kuwa babansa na tura, suka fita su biyu a mota, har yau ban tambayi abin da suka ce ba. Akwai wurin da uwa za ta ja baya.

Abinci bai kai yadda kike tsoro ba, kawai ki koyi sunayen. Zoɓo karkade ne, tsamiya tamar hindi, gyaɗa ful sudani, gero dukhun, lalo mulukhiyya, busasshiyar kuɓewa kuma ki shiga shagon 'yan Sudan ki ce weka. Samid yana tuwo, shinkafar Masar mai gajeren ƙwaya tana tuwon shinkafa da masa. Kuka da daddawa da manja da yaji wurin matanmu Hausawa ake samu, da can a unguwanni irin su Karantina da Sabil, amma tun rusau ɗin da aka fara a ƙarshen 2021 mutane sun watse, yanzu yawanci ta WhatsApp ake ciniki a kawo miki, ki tambayi maƙwabciya za ta haɗa ki. Kar ki bari shawarma da burodi su kore tuwo daga bakin yara, sau uku a mako aƙalla.

Dalilin da ya sa na dage da tuwo shi ne dalilin da ya sa na dage da Hausa. Haihuwa a nan ba ta mai da yaro ɗan ƙasa, da iƙama muke zaune, wato takardar izinin zama, kuma ɗa namiji in ya kai shekara 25 ba zai ci gaba da zama ƙarƙashin iƙamar babansa ba. In maigida a kamfani ko asibiti mai zaman kansa yake, riyal 400 ake biya duk wata a kan kowane mutum da ke ƙarƙashinsa, mu huɗu 1600 ke nan, 19,200 a shekara, ban da haya da kuɗin makaranta, ku yi wannan lissafin kafin ku taso. Ma'ana ko ba daɗe ko ba jima gida za a koma. Toh wane irin yaro zaki mayar? Turanci da Larabci za su same su a waje ko ba ki so, Hausa da yarenku kuwa in ba a bakinki ba ba inda za su ji. A kan ledar abinci ba a Turanci a gidana. Duk Asabar da yamma a kira kaka ta bidiyo, kowa ya gaishe ta yadda ya kamata ya ba ta labari, ba ɗaga hannu kawai a gudu ba. Lokacin da muka je hutu auta yana da shekara 4, ranar Lahadi muka shiga coci, ya ga mutane cike har waje, matan zumunta da anko suna kaɗa tulu suna waƙa da dukan murya, ya ƙanƙame zanina ya ce a hankali, "Mama, duk waɗannan Kiristoci ne?" A zatonsa mu biyar ne a duniya. Tun daga nan ko me za mu matse muna matsewa dan a je gida.

Da azumi gari yana juyewa, rana barci dare kasuwa, lokutan makaranta da aiki suna raguwa. Ba a ci ba a sha a waje da rana, ki gaya wa yara, ruwansu su sha a gida. Kwanuka za su riƙa shigo miki da magariba, sambusa da shurba da dabino, kar ki mayar da kwano wayam, ki zuba wani abu ki ba yaro ya kai da hannunsa. Kirsimeti in ta faɗo ranar aiki aiki ake yi, sai mu yi namu da dare ko Juma'ar da ta fi kusa, a soya cincin tun kwana biyu kafin nan, samarin ne ke yankawa, a ɗinka musu sabbin kaya, a dafa shinkafa da kaza a kai wa Hajiya da mai gadin bene ba tare da wani dogon bayani ba. 'Yan shekarun nan har kayan ado ana gani a wasu shaguna. Ista kullum Lahadi take faɗowa, ranar aiki ce a nan, amma Juma'a Mai Kyau tana samunmu a gida, a ranar muke karanta labarin gicciye gaba ɗaya kowa da surarsa.

In kin zo haɗa akwati, ki sa Littafi Mai Tsarki na Hausa da littafin waƙoƙi, ki sa acha da kuka da daddawa a ɗaure da kyau, muciya mai ƙarfi, tandar masa, takardun makarantar yara da katin rigakafinsu, da zanin zumuntarki ko da ba inda zaki ɗaura shi sai falo ranar Juma'a. Kar ki karɓi ƙunshin kowa a filin jirgi ko da ya ce magani ne na mahaifiyarsa, kuma duk maganin da kika ɗauko na kanki ya zo da takardar likita.